Gaisuwar Mutuwa a Ɗakin 'Yan Kurket

Bironks, Niyok, Amurka
Lahadi, biyar ga watan Babbar Sallah

Zuwa ga ƙanwata Yalwa, a Gumel.

Assalamu alaikum. Surukata Shafa'atu ce, matar ɗana Tsoho, take rubuta mini wannan, ina faɗa tana sawa a takarda. Dawowarta daga aiki ke nan, ko takalmi ba ta cire ba na tsare ta, don Alhaji Barmo mai shagon kayan miya na nan unguwar zai taho gida bayan Sallah, na ce ba zai zo miki hannu rabbana ba.

Ina gaishe ki, gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya kunnen? Shi ya sa na ce takarda. Waya da ke wahala ce, ina ihu kina iye iye, kowa na gidan nan yana ji. Takarda kuwa kya sa a karanta miki a bakin kunne, sau nawa kika ga dama. Yaya damina, gero ya yi kai? Ki gaishe mini da Uwani mai ƙosai, da mutanen gidan liman, da duk matan layinmu, kada ki tsallake kowa.

Mu nan lafiya lau. Tsoho yana jan tasi, tun asuba yake fita. Shafa'atu tana aikin duba tsofaffin Turawa a gidajensu. Jikata Nadiya ta shekara uku, an sa ta makarantar raino, in yi mata Hausa ta mayar mini da Turanci. Ni kuwa da na zo wankan jegonta na wata shida, ga ni har yau. Ina ci ina sha, ba abin da na nema na rasa. Gidanmu hawa na shida ne. Tagar ɗakina bangon wani gida take kallo, amma in na karkata kai ina ganin sama kamar faɗin tabarma. Akwai jirgin ƙasa da ke bi ta kan ƙarafa a sama, da shi nake gane lokaci. Ba na fita, saboda gwiwa. Shafa'atu ta ce in ce saboda gwiwa. To, gwiwar ma tana ciwo.

Abin da ke damuna kwana ukun nan, maƙwabcinmu ne. Bangonsa da na ɗakina ɗaya ne. Wani tsoho ne baƙi dogo mai sanda, shi kaɗai yake zaune, ban taɓa jin muryar yaro ko ta mata a wajensa ba, sai wata mai ɗankwali da ke zuwa da jaka ta tafi da yamma. Ta 'yar hudar gilashin da ke jikin ƙofa nake ganinsu. To tun ran Juma'a, ina idar da sallar asuba sai in ji ana ƙwanƙwasa masa. Maza ne ke ta shiga, ɗaya ɗaya, wasu da kwanukan abinci a rufe, ba mai dariya. Su zauna tsit, sai magana ƙasa ƙasa. Can sai ki ji duk sun yi nishi lokaci guda, kamar an taka musu ciki. Wani ya buga cinya ya ja tsaki, ina jinsa ta bango. Bayan azahar su watse, gobe su dawo.

Yalwa, ni da ke mun san wannan zaman. Shekara talatin ni ake fara aikowa a layinmu in jiki ya yi tsanani, ni nake wanke matan da suka riga mu. In maza suka fara taruwa da sassafe suna magana ƙasa ƙasa, an san abin da ake jira. Tsohon nan yana kan gargara, kuma ni da bango ɗaya ya raba mu ko sannu ban ce masa ba.

Na yi wa Tsoho maganar, ya ce nan ba Gumel ba ce, ba a shiga sabgar mutane. Shafa'atu ta ce su lokacin suna wajen aiki, ba su ji komai ba. Ga ta nan tana cewa kada in cika miki takarda da zancen wanda ko sunansa ban sani ba. Rubuta dai, 'yar nan, bakina ne.

Ki sa shi a addu'a, ko ba Musulmi ba ne maƙwabci ne. Allah ya sada mu da alheri.

Taki,
Yaya Gaje


Alhamis, ranar Arfa

Yalwa,

Sallama da gaisuwa, da fatan kin sha ruwa lafiya in kin yi azumin yau. Za ki ga hannun ya canza. Wannan Mariyatu ce take rubutawa, mai ɗankwalin nan da na ce tana zuwa wajen maƙwabcinmu. Aikin duba shi take yi. Ashe 'yar Zangon Kumasi ce, ta yi zaman aure a Kaduna, can ta iya rubutun Hausa. Ita za ta kai wa Alhaji Barmo da hannunta, Tsoho bai san da wannan ba.

Bari in fara gyara ƙaryar da na yi miki. Ba gwiwa ba ce. Takardar zamana ce ta ƙare tun Nadiya tana rarrafe. Farkon zuwana na taɓa fita na ɓata, gidajen duk kamarsu ɗaya, sai da 'yan sanda suka dawo da ni. To tun da aka canza gwamnati aka fara kamen marasa takarda, Tsoho ya ce ko wa ya buga ƙofa kada in amsa. Yana bugo wayar gida da azahar, ya bugo da la'asar, ya ji ina nan. Rabona da taka ƙasa tun ƙaramar Sallah, shi ma daga mota sai masallaci. Wani lokaci ina yi wa tukunya magana don in ji ko muryata tana nan.

Ran Talata sun taru har sun fi na kullum. Tun safe nishin ya ƙaru, a yi shiru a yi nishi. Na dafa shinkafa da wake na ajiye, na ce ko ba komai yau za a buƙaci abinci. Na yi alwalar azahar ke nan sai ihu ya tashi. Yalwa, ihu! Ana dukan bango, kujera ta faɗi, wani ƙato yana kuka da majina kamar yaro. Na ce innalillahi, ya cika.

Ban yi shawara da kowa ba, ƙafata ce ta yi. Na buɗe akwati na ɗauko likkafanina, farin yadin nan da muka saya tare a kasuwar Maigatari, wanda kika ce ina kira wa kaina mutuwa. Na ce bawan Allahn nan ba shi da kowa, wa ya san abin da za su naɗe shi da shi. Na yafa mayafi, na ɗora tukunya a kan yadin, na buɗe ƙofa. Ina fita ta rufe kanta a bayana, ƙarap. Ƙofofinsu haka suke, ba sa jiran mutum.

Tasu a buɗe take. Na yi sallama na shiga kaina a ƙasa, na durƙusa daga bakin ƙofa ina cewa ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, Allah ya ba ku dangana. Ba wanda ya ji ni. Na ɗaga kai. Maza sun fi goma, wasu baƙaƙe kamarmu, wasu ki rantse Indiyawa ne, sun rungumi juna suna tsalle, hawaye shaɓe shaɓe. Wani mai tumbi ya cire riga yana juya ta a sama. Wani ya kwanta rub da ciki yana sumbatar dardumar ɗakin. Na ce oho, kowa da irin makokinsa. Ina dube dube ina gawar take, sai mai tumbin ya gan ni. Ya karɓi tukunyar ya ajiye, ya zare yadin daga hannuna, ya warware shi, ya je ya yafa wa wani da ke zaune a kujera a tsakiyar ɗaki, suka hau tafi.

Na duba, sai ga mamacin. Zaune daram, idonsa biyu, ya ɗaga sandarsa sama yana kuka yana dariya, likkafanina a kafaɗarsa kamar an yi masa naɗi.

Ban san na ɗaga murya ba. Na ce la'ilaha illallahu, ashe da ransa! Sai na ji daga kicin an ce, Mma, Hausa ka ke yi? Yalwa, ashe mai ɗankwalin nan ce, Mariyatu. Shekara biyu matar nan tana wucewa ta bakin ƙofata, ina leƙenta ta huda, ashe bakinmu ɗaya. Hausarta ta Zango ce, ni da namiji duk ka take ce mana, ga ta tana hararata, amma wallahi ranar kamar an zuba mini ruwan randa.

Da na gaya mata abin da ya kawo ni, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta juya ta faɗa musu da Turanci. Sai tsohon, Mista Dezmon sunansa, ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, sauran suka bi. Mai tumbin ya ce a gaya mini ai gaskiyata, sau huɗu tsohon yana mutuwa tun safe, taurin kai ne ke dawo da shi. Amma da Mariyatu ta gaya wa Mista Dezmon ko yadin mene ne, kuma nawa ne na kaina, sai ya daina dariya. Ya cire shi a hankali, ya ninke shi, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce a gaya mini shekararsa arba'in a gidan nan, ba wanda ya taɓa kawo masa ko gishiri.

Abin da suke kallo kuwa wasa ne a talabijin, kurket sunansa. Fili kore shar, maza cikin farare tas, da farko na zaci alhazai ake nunawa. Ɗaya ya sheƙo da gudu ya wurga 'yar jar ƙwallo, ɗaya yana tsaye da katako mai faɗi kamar muciya yana kare wasu 'yan sanduna uku. Wasa ɗaya kwana biyar ake yinsa, har tashi suke su ci abinci, su sha shayi, su dawo. Na ce waɗannan ba su da gona ne? Mutanen ɗakin daga wasu tsibirai suke, ƙasashensu daban daban amma 'yan wasansu ɗaya, kuma da Turawan Ingila ake karawa a can garin Turawan, shi ya sa a nan yake kamawa da asuba. A wasan da ya gabata Turawan sun yi musu kaca kaca cikin kwana uku, duniya tana ta yi musu dariya, ana cewa yaran nan ba su cancanci a sake gayyatarsu ba. Wannan karon ma kowa ya fid da rai. Sai wani yaro siriri ya tsaya da muciyarsa ya ƙi gusawa, aka yi ta jifa yana karewa har yamma ta yi musu, suka cinye. Shekara goma sha bakwai rabon da su ci Turawan a gidansu. Mista Dezmon ya ce wancan karon da matarsa ya kalla, a kujerar da suka zaunar da ni.

Direbobi ne yawancinsu, sun ajiye aiki ranar Talata guda don wannan. Suka cinye shinkafata tas, suka ba ni wata gurasa mai laushi da miyar kaza, Mariyatu ta ce halal ce ita ta sayo naman. Akwai kwalabe a tebur, na matsa gefe, wani ya lura ya kwashe su ya kai kicin. Aka yi ta maimaita ƙarshen wasan, duk sanda yaron ya doki ƙwallon sai su sake ihu kamar ba su gani ba. A na huɗu har da ni. Na rangaɗa guɗa, Yalwa, irin ta ɗaurin aure. Ban san tana nan a maƙogwarona ba.

Na manta da wayar azahar. Tsoho ya buga ya buga ba a ɗauka ba, ya bar fasinja a hanya ya taho. Ya tarar da gida ba kowa, akwatina a buɗe. Ya zaci an zo an tafi da ni. Guɗar ce ta nuna masa inda nake. Da ya tsaya a bakin ƙofar, fuskarsa ta koma irin ta ranar da aka binne ubansa. Ya riƙe hannuna muka fito. Sai a gida ya ga ashe mai tumbin ya ɗauke ni a waya ina guɗa, ya watsa wa mutanensu, har ta zagayo wajen direbobi abokansa. Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Ni na haife shi, na san kukansa ko bai yi sauti ba. Ya ce sai bayan Sallah za mu yi magana.

Jiya da yau Mariyatu tana ƙwanƙwasawa in buɗe mata. Ina jin tsoro, kuma ina jin daɗi, ban san wanne ya fi ba.

A yi Sallah lafiya. Ki ci mini tsire ɗaya na hanta.

Yayarki,
Gaje


Litinin, kwana goma bayan Sallah

Yalwa,

Ina gaishe ki, ina yi miki barka da Sallah, da fatan an ci nama lafiya. Mariyatu ce dai. In kin ga magana ta yanke ko ta maimaitu, ki yi haƙuri, ba ganin juna muke ba. Ita tana waje a kan kujerar Mista Dezmon, ni ina ciki a kan dardumar sallah, bakina a jikin ƙofa.

Washegarin Sallah Tsoho ya shigo ɗakina ya durƙusa. Da faɗa ya yi mini da na ji sauƙi. Ya ce shi ba zai sa wa uwarsa kwaɗo ba, Allah ya kiyaye. Ya ce amma in aka kama ni, sai an ajiye ni wani wuri wata da watanni kafin a mai da ni, shi kuma ba zai iya rayuwa da wannan ba. Ya riƙe ƙafata ya ce in yi masa alkawari tsakanina da Allah ba zan sake buɗe ƙofar nan ba in ba ya gida. In kuma na gaji, ya saya mini tikiti in taho gida da mutuncina, sai dai in sani wanda ya wuce wa'adinsa kamar ni, in ya fita, shekara goma ba za a bar shi ya dawo ba. Shekara goma, Yalwa. Ki duba shekaruna ki ƙara goma.

Na yi alkawarin. Na ce sauran ya ba ni kwana bakwai in yi tunani.

Ran Alhamis aka fara wani wasan, na uku, wanda zai raba gardama. Mista Dezmon ya aiko Mariyatu wai ni ce mai sa'arsu, kujerata tana jirana. Ta gaya masa yadda ake ciki. Can sai na ji ana jan kaya kiii a ɗakinsa. Ashe talabijin ɗin suka ciro suka jingina ta da bangona, suka ƙure murya. Mai tumbin ya zo bakin ƙofar nan ya yi ta magana, Mariyatu ta ce haƙuri yake bayarwa, ya goge hoton a wayarsa amma na wayoyin mutane ba shi da iko da shi.

Kwana uku ina zaune a gefen gado, kunnena a bango. Ba na jin ko kalma ɗaya, amma yanzu na san nishin. Na san na an fitar da namu, na san na saura kaɗan. Ran Asabar tun kafin azahar na ji ana tura kujeru a hankali, ba mai magana. Na san an cinye su. Da suka fito na leƙa ta huda, kowa ya zo daidai ƙofata sai ya ɗaga hannu ya wuce, ba su ma san ko ina kallo ba. Na ce musu ya haƙuri daga ciki. Wannan karon gaisuwar ta faɗa inda ya dace.

A kwanakin nan na yanke shawara. Na ce gida zan taho. Na ce gara in yi kewar Nadiya ina tsakar gida da mutane, in an yi haihuwa a kira ni, in an yi rashi a kira ni. Har na shirya abin da zan sa a rubuta miki, ki sa a share ɗakina, a fitar da buhunan da kuka zuba, a duba rufin ta wajen gabas.

Jiya da safe kafin in buɗe baki, Shafa'atu ta kawo mini shayi ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, abin da ba ta saba ba. Ta yi ta murza bakin zaninta. Cikin wata huɗu ne da ita. Ta ce likita ya ce wannan karon sai an yi mata aiki, jininta yana hawa, ga shi uwarta ta rasu, ba ta da kowa a ƙasar nan. Ba ta roƙe ni komai ba. Ba ta ma san Tsoho ya ba ni zaɓi ba.

To, kada ki sa a share ɗakin tukuna. Buhunan su zauna. Rufin dai a duba shi, kada ruwa ya ci katangar.

Kada ki gaya wa Uwani komai, ki ce ina lafiya ina cin daɗi. In an yi rashi a layinmu, ki nuna wa 'yar liman yadda nake yi, hannunta yana da sanyi, za ta iya. A fara da dama, kuma kada a bari ruwan ya yi zafi.

Mariyatu, ƙofar nan tana da sanyi a goshi. Na gaji. Bari in ɗan

Mma Yalwa, ni ce Mariyatu. Nan ta tsaya. Na jira, na kira ta sau biyu, ina jin numfashinta amma ba ta ƙara magana ba. Lokacin maganin Mista Dezmon ya yi, zan tashi. Na sa mata sunanta.

Gaje